Zagayen otal-otal na bakin teku a Zanzibar: me wakilin tafiye-tafiye zai duba?

Tambaya: Ban daɗe da fara aiki a kamfanin shirya tafiye-tafiye ba. An saka sunana cikin waɗanda za su je Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya, zagayen otal-otal na bakin teku har mako guda, don mu gani da ido kafin mu fara tura mutane. Masu otal ɗin ne za su ɗauki nauyin kwana da abinci. Me zan duba, me kuma zan tambaya, don kada in dawo da hotuna kawai?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Na ji daɗin tambayar nan, domin da yawa daga masu zuwa irin wannan zagaye sukan dawo waya cike da hotuna, amma in kwastoma ya zauna gabansu ya ce, "Yarana uku, ƙaramin bai iya ruwa ba, ina za mu sauka?" sai su rasa ta cewa. Amsar irin wannan tambayar ita za ki je nema. Masu otal za su nuna miki wurinsu a sa'ar da ya fi kyau, a ɗakin da ya fi kyau, kuma ba laifi suka yi ba, kasuwarsu suke ci. Ke naki aikin shi ne ki gano abin da baƙonki zai tarar ranar da ya isa, a watan da ya isa, a ɗakin da kuɗinsa suka kai.

Kafin ki haɗa kaya, ki nemi jadawalin cikowa da janyewar ruwan teku na Zanzibar na kwanakin da za ki yi can. Yana nan a intanet kyauta. Ki buga shi a takarda ki saka a jakar hannu. A duk kayan da za ki riƙe babu wanda ya kai takardar nan amfani, kuma zan daɗe a kan dalilin, don a nan ne sababbin wakilai suka fi jefa baƙinsu cikin ɓacin rai.

Teku a wannan gaɓar yakan cika sau biyu ya janye sau biyu tsakanin yini da dare. Daga cika zuwa cika awa 12 ne da kusan minti 25, saboda haka kullum lokacin yakan ƙara jinkiri da kusan minti 50. Otal ɗin da aka kai ki yau ƙarfe 4 na yamma kika tarar da ruwa shuɗi yana dukan matakalarsa, in kika koma bayan mako guda a daidai wannan sa'a, yashi za ki gani shimfiɗe, ruwan ya tafi can nesa. Ƙarfin abin kuma yana bin wata. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, sha huɗu zuwa sha shida, tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa takan kai mita 4 ko kusa da haka. A kwanakin da wata yake rabi, ruwan ba ya cika sosai, ba ya kuma janyewa sosai. Wani abin da ba a cika faɗa ba: a waɗancan kwanaki masu ƙarfi, janyewar takan faɗo ne da hantsi zuwa tsakar rana, daidai lokacin da baƙo ya gama karin kumallo ya ɗauki tawul zai shiga ruwa.

Wannan bai shafi ko'ina a tsibirin daidai wa daida ba. Babban tsibirin, Unguja, wanda shi mutane ke nufi in sun ce Zanzibar, tsawonsa kimanin kilomita 85 ne. Gaɓarsa ta gabas shimfiɗaɗɗiya ce, ƙasan ruwan ba ta da zurfi har sai an kai shingen murjani, wato jerin duwatsun ƙarƙashin teku, da ke can ciki, inda za ki hangi farin layin igiyar ruwa tana fashewa. Shi ya sa a Matemwe da Kiwengwa da Pongwe da Uroa da Bwejuu da Paje da Jambiani, in ruwa ya janye, a wasu wuraren sai mutum ya yi tafiyar fiye da kilomita guda kafin ya samu inda zai nutsa jikinsa. A ƙuryar arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ƙasar tana gangarawa cikin zurfi nan da nan, don haka ana iyo kusan kowane lokaci. Duk wanda ya ce miki burinsa shi ne ya fita daga ɗaki ya faɗa teku safe da yamma, arewa za ki kai shi, ko da otal ɗin gabas ya fi kyau ya kuma fi araha.

Kada ki ɗauka aibata gabas nake. Ni a zuciyata gabas na fi so. Ki roƙi masu shirya zagayen su bar ki ko da awa guda a Jambiani lokacin da ruwa ya janye da safe. Za ki ga jiragen masunta na katako, masu fikafikai biyu a gefe, kwance a kan yashi sun karkata. Za ki ga mata sun ɗaure zannuwa sun shiga ruwa iya gwiwa, suna zaune tsakanin turakun da suka kafa a jere, suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiya, wasu kuma sun cika buhu sun ɗora a ka suna fitowa da shi don shanya. Noma ne sosai, an fara shi a matsayin sana'a a Paje da Jambiani a 1989, kuma mata ne suka fi riƙe da shi. Can gaba za ki ga masu neman halittar tekun nan mai hannaye takwas da sandunansu suna leƙa ramukan duwatsu. Akwai baƙon da wannan shi ne zai zama abin da ya fi tunawa a duk tafiyarsa. Amma sai an gaya masa tun kafin ya biya. In an gaya masa, zai sayi takalmin roba na shiga ruwa saboda halittun nan baƙaƙe masu ƙaya da ke maƙale a duwatsu, ya tsara iyonsa da jadawali, ya ji daɗi. In ba a gaya masa ba, zai kira ki rana ta biyu rai a ɓace ya ce kin yi masa cinikin biri a sama, kuma yana da gaskiya.

Saboda haka a kowane otal na gabas, ki rubuta sa'ar da kika isa, ki duba takardarki ki ga ruwan cike yake ko janye. In kin zo a cike, ki tambayi ma'aikacin da ke kula da bakin ruwa ya nuna miki da hannu inda ruwan ke tsayawa in ya janye. In kin zo a janye, ki dubi akasin haka: ina ruwan ke kaiwa in ya cika? Akwai otal-otal da teku ya ci musu gaba har suka gina katanga, in ruwa ya cika babu ko taku ɗaya na yashi da ya rage, igiya na dukan siminti. Alamar tana nan a jikin katangar, layin danshi da gansakuka. A irin waɗannan wurare tafkin ninƙaya na otal shi ne komai, sai ki duba girmansa, da zurfinsa, da ko akwai ɓangaren yara, da yawan gadajen kwanciya da inuwar da ke gefensa in aka kwatanta da yawan ɗakuna.

Kowace gaɓa da irin mutanenta. Nungwi gari ne na masunta da masu sassaƙa jiragen katako, otal-otal sun yi masa zobe, akwai hayaniya da masu talla da wuraren cin abinci a jere. Kendwa na kusa da shi, yashinta ya fi faɗi, kuma tana kallon yamma, don haka ana ganin faɗuwar rana a kan ruwa. Amma a nan ake casun dare na cikar wata, kiɗa har asuba, sai ki auna nisan otal ɗin da kike dubawa daga wurin. Matemwe shiru ce, doguwar gaɓa tana kallon ƙaramin tsibirin Mnemba, inda ake kai mutane kallon kifaye da murjani. Ki sani tsibirin kansa ba a sauka a kansa sai wanda ya kama ɗaki a can, jiragen suna tsayawa ne a ruwan da ke kewaye, kuma da safe sukan yi yawa. Kiwengwa ita ce matattarar manyan otal-otal masu haɗa kwana da ci da sha a farashi ɗaya, kuma Italiyawa sun daɗe da sabawa da ita, har a wasu otal ɗin shirye-shiryen dare da yarensu ake yi. Ki tambaya, don baƙon da ba ya jin yaren zai ji kamar an ware shi. Pongwe ƙaramin lungu ne mai natsuwa, ya dace da amarya da ango. Paje ta matasa ce, masu wasan da iska ke jan mutum da babbar lema yana tsaye a kan allo bisa ruwa. A lokacin iska sararin sama yakan cika da lemominsu, kuma ba nan zan kai dattijo mai neman hutu ba. Michamvi kuwa tana gabas, amma ɓangarenta da ke kallon mashigin Chwaka yana ganin faɗuwar rana, abin da sauran gabas ba su da shi, su fitowarta suke gani.

Ki riƙe agogo a duk tafiyar mota. Filin jirgin sama na Abeid Amani Karume yana gefen babban birni, a yammacin tsibirin. Daga nan zuwa Nungwi kimanin kilomita 60 ne, a ba shi awa ɗaya da rabi. Zuwa Paje kusan awa guda. Taswira takan yaudari mutum: Chwaka da Michamvi kamar a miƙa hannu, amma mashigin ruwa ya raba su, mota sai ta zagayo ta cikin tsibiri. Wanda ya raba kwanakinsa tsakanin arewa da kudu maso gabas, rabin yini zai ba hanya. Ki kuma lura da guntuwar hanyar ƙarshe, daga kwalta zuwa ƙofar otal. Wasu burji ne mai duwatsu, in an yi ruwan sama sai a hankali, kuma ga mai juna biyu ko mai ciwon baya wannan ba ƙaramin abu ba ne. In za ki sa lokaci da direba, ki rubuta masa a waya da lambobi ki ƙara da safe ko yamma, domin a lissafin Sawahili ana fara ƙirga awa daga fitowar rana, abin da suke kira ƙarfe ɗaya shi ne bakwai na safe.

Yanzu mu shiga cikin otal. Za a tare ku da tawul mai sanyi da abin sha, manajan talla ya ja ku zuwa ɗakin da aka shirya tun jiya, furanni a kan gado, baranda na kallon teku. Ki duba, ki yaba, sannan cikin ladabi ki ce kina son ganin ɗaki mafi araha, wanda ya fi nisa da ruwa. Yawancin baƙinki can za su kwana. In an ce duk a cike suke, ki ce a kai ki ƙofar ginin ki tsaya ki ga abin da tagarsa ke kallo. Sau da yawa abin da takarda ta kira kallon lambu, bayan kicin ne ko ɗakin janareta. Abin da aka kira kallon teku kuma, wani lokaci sai ka fita baranda ka leƙa ta gefe kafin ka hangi shuɗi tsakanin itatuwan kwakwa. Ki rubuta lambobin ɗakunan da suka yi miki, da waɗanda ba za ki yarda a ba baƙonki ba. Ranar da za ki kama ɗaki, in kika ambaci lamba, ma'aikacin zai san wanda ke magana ya taka wurin.

A cikin ɗakin, hanci ya riga ido. Iskar teku da laima suna cin gini, ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba yakan yi warin funfuna, kuma turaren da aka fesa ba ya ɓoye shi a cikin kabad. Ki buɗe kabad ɗin. Ki kunna esi ki saurari ƙararsa. Ki warware gidan sauro ki ɗaga shi ga haske ki ga ko akwai huda. Ki buɗe shawa ki bar ta minti biyu, ki ga ƙarfin ruwan da ko zafi na zuwa, ki ɗan taɓa a harshe. A gaɓar gabas da arewa ƙasar dutsen murjani ce, rijiyoyi da yawa ruwan zartsi suke bayarwa, shi ya sa manyan otal-otal ke da injin cire gishiri ko su sayi ruwa a tanka. Ki tambayi wanne suke yi, da ko ruwan sha na kwalba kyauta ne a ɗaki. Ki duba ko banɗakin yana da ƙofa ta gaske, domin yanzu ana yayin banɗaki a buɗe ko mai bangon gilashi, wanda bai dace da 'yan'uwa ko abokai da suka haɗa ɗaki ba, balle iyaye da yara.

Maganar wuta kada ki ji kunyar yin ta. Lantarkin Unguja daga babban yankin Tanzaniya yake zuwa ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010 tsibirin ya yi kusan wata uku babu wuta saboda lalacewar wannan hanya. An ƙara sabuwar waya daga baya, amma ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci ba ta ƙare ba. Tambayar ba ita ce ko suna da janareta ba, kowa zai ce yana da shi. Ki tambaya ko yana ɗaukar esin dukkan ɗakuna, ko fitilu da kicin kawai, kuma shi ke tashi da kansa ko sai an je an tayar.

Ki nemi a bi da ke ta bayan gida, wato kicin da wurin wanki da inda ake tara shara. Manajan da ya amince da aikinsa ba ya jin tsoron wannan. Wanda ya fara kame-kame kuwa, kin riga kin samu amsa. A hanya ki gaisa da masu shara da masu lambu, ki tambaye su shekara nawa suka yi a wurin. Inda ma'aikata ke daɗewa, galibi ana biyan su a kan kari kuma ana mutunta su, kuma baƙo yana jin wannan a yadda ake kawo masa shayi. Ki kalli fuskokin baƙin da ke zaune, ki ga su waye: iyalai ne, ko ma'aurata, ko taron matasa. Wannan ya fi yawan taurarin da ke jikin allo faɗa miki ko baƙonki zai sake a wurin.

Abinci kuma kada ki yanke hukunci da liyafar da aka shirya muku. Ki je wurin da ake jera abinci kowa ya ɗiba, kusa da lokacin tashi, ki ga ko ana sake cikawa ko an bar ragowa tana bushewa. Mutanen Zanzibar mafi yawansu Musulmi ne, amma otal-otal na baƙi suna sayar da giya, wasu suna dafa naman alade. In kina da baƙin da wannan ya dame su, ki tambayi shugaban kicin kai tsaye daga ina namansu yake zuwa, ko ana raba tukwane da wurin suya, da ko ana rubuta abin da ke cikin kowane kwano. Haka za ki yi wa masu ciwon sukari da waɗanda jikinsu ba ya son gyaɗa ko jatan lande. Ki duba ko akwai wurin salla ko masallaci a kusa. Alƙibla daga Zanzibar kusan arewa sak take, ki riƙe wannan don za a tambaye ki. Matan da ba sa son yin iyo a gaban jama'a, ki nemo musu otal mai ɗakuna da ƙaramin tafki a cikin katanga, ki tsaya a ciki ki ɗaga kai ki tabbatar barandar bene na kusa ba ta leƙo shi.

Farashin da aka ce ya haɗa komai, ki sa a zayyana miki abin da bai haɗa ba. Sau da yawa akwai wurin cin abinci na musamman da ake biya daban, da abin sha na cikin firjin ɗaki, da wanki, da jirgin zuwa kallon kifi, da motar filin jirgi. Akwai kuma harajin gwamnati da ake karɓa a kan kowane mutum kowane dare, wanda otal da yawa ba sa sawa cikin farashi, sai ranar tafiya a miƙo wa baƙo. Kuɗin ba su da yawa, amma mutum ba ya son abin da ba a gaya masa ba. Ki tambayi shekarun da yaro ke daina zama yaro a lissafinsu, da yawan mutanen da dokar otal ta yarda su kwana a ɗaki ɗaya, da ko akwai ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani.

Abu biyu da hoto ba ya ɗauka su ne ƙara da matakala. A otal ɗin da za ku kwana, ki fita ƙarfe 11 na dare ki zagaya, ki saurari kiɗan maƙwabta, ki ga ko hanyoyin cikin lambu suna da haske da masu gadi. Da safe ki ƙirga matakalar da ke tsakanin ɗaki da wurin cin abinci da bakin ruwa. Wasu otal ɗin a kan tudun murjani aka gina su, saukar tana da tsayi, tsoho ko mai keken guragu ba zai iya ba. Ki tambayi ina likita mafi kusa yake, minti nawa ne, ko akwai ma'aikacin jinya a otal, ko akwai mai tsaron masu iyo a tafki da bakin teku. Babban asibitin gwamnati, Mnazi Mmoja, a cikin birni yake, wato daga arewa ko gabas tafiya ce ta awa guda ko fiye. Jiragen da otal ke haɗa baƙi da su, ki leƙa ki ga rigunan ceto da idonki, har da na yara.

Yashin bakin ruwa ba mallakin otal ba ne, na kowa ne. Masu sayar da zane da sarƙoƙi da masu neman kai mutum yawon jirgi za su tare baƙo da zarar ya wuce igiyar otal. Neman abincinsu suke, kuma yawancinsu in aka ce musu a'a cikin fara'a sukan wuce, amma yawansu ya bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa. Ki taka ke kaɗai minti goma ki ji yadda abin yake, don ki san me za ki gaya wa macen da za ta je ita kaɗai.

Duk abin da kika gani, ki haɗa shi da watan da kika gan shi. Daga Disamba zuwa Maris iskar Kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, lokacin zafi ne, kuma takan turo ciyawar teku ta tara a gaɓar gabas. Ki tambayi ko otal yana sharewa kullum. Daga Maris zuwa Mayu babbar damina ce, Masika, farashi yakan faɗi, wasu otal ɗin sukan rufe don gyara, wasu su yi gyaran da baƙi a ciki. Daga Yuni zuwa Oktoba iskar Kusi ce daga kudu, sanyi-sanyi da rani, lokacin da ya fi daɗi ga yawancin mutane. Wajen Nuwamba akwai ƙaramar damina, Vuli, ruwan yakan zuba ya ɗauke. Irin wannan zagaye naku galibi ana shirya shi ne lokacin da ɗakuna ba kowa, saboda haka otal ɗin da kika gani shiru da ma'aikata uku a kanki, a ƙarshen Disamba wani wuri ne daban. Ki tambayi manaja kai tsaye ko akwai ginin da za a fara, nasu ko na maƙwabci, a cikin shekara mai zuwa. Gine-gine suna ta tashi a gaɓar nan, kuma ƙarar injin kwaɓa siminti ta isa ta ɓata hutun mako guda.

In an ba ku yini a tsohon birnin Zanzibar, wato Stone Town, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, kada ki ɗauke shi ranar hutu. Baƙi da yawa ya fi musu su yi dare ɗaya ko biyu a can kafin su wuce bakin teku. Lungunansa mota ba ta shiga, sai ki duba nisan da za a ja akwati. A cikin gari da ƙauyuka ana son a rufe kafaɗa da gwiwa, a watan azumi kuma wuraren cin abinci da yawa na gari ba sa buɗewa da rana. Dajin Jozani, inda jajayen biran nan da babu irinsu sai a Zanzibar suke, yana kan hanyar Paje, ana iya tsayawa a wuce. A Kizimkazi akwai tsohon masallaci mai rubutun da ke nuna shekarar 1107. Yawon bin dabbobin dolfin da ake yi a can kuwa, ni ba na tura mutane sai wurin mai jirgin da na tabbatar ba ya koran dabbobin da inji, don na ga yadda jirage ke yi musu taron dangi, abin ba daɗin gani.

Takardu a taƙaice. Tun 1 ga Oktoba 2024, kowane baƙo daga waje sai ya sayi inshorar tafiya daga kamfanin inshora na gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba a lokacin da aka fara, ko da yana da wata inshorar. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara sai ya nuna katin rigakafi. Ledar zuba kaya haramun ce a ƙasar. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a tsibirin amma bai ƙare ba, sai kowa ya ga likitansa kafin tafiya. Waɗannan dokoki ki riƙa sake duba su duk lokacin da za ki tura mutum.

Saura abin da ya fi nauyi a wuyanki. An ba ki ɗaki kyauta, an ciyar da ke, wataƙila a yi miki alƙawarin kamasho mai tsoka. Zuciya za ta so ta rama alheri, kin san an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To ki sani ladan da kika ci na dubawa ne, ba na turo mutane ido rufe ba. Hakkin otal a kanki shi ne ki zo a kan lokaci, ki saurara, ki yi godiya, ki kuma gaya musu gaskiyar abin da kika gani a asirce, ba a gaban baƙinsu ko a Facebook ba. Manajan kirki yana son jin cewa famfon ɗaki kaza yana ɗiga. Amma wanda ya tara kuɗinsa shekara guda ya miƙo miki amana, shi ne ubangidanki. Otal mai kamasho kaɗan da ya dace da shi ya fi mai kamasho da yawa da zai sa ya ƙi sake kiran lambarki.

Ki riƙa rubutu kafin mota ta bar ƙofar kowane otal, domin in kin ga biyar a yini, da dare duk sun cakuɗe. Hoton farko a kowane wuri ya zama na allon sunansa, don ki san inda hotunan suka fara. A ƙasan kowane shafi ki rubuta layi biyu: wa zan kawo nan, wa kuma ba zan kawo ba. Kafin ki yi sallama da manaja, ki karɓi lambar wanda ke kula da kama ɗakuna da ta wanda ke aikin dare, ba ta mai talla kaɗai ba. Ki tambaye shi kafin alƙalami nawa suke karɓa, kwana nawa kafin zuwa mutum zai iya fasawa a mayar masa da kuɗinsa, sannan in ya zamana sun karɓi baƙi fiye da ɗakunansu a lokacin cunkoso, wane otal suke mayar da mutane, kuma wa ke biyan motar. Sunan da ya ba ki, in ba ya cikin jerin zagayenku, ki nemi awa guda ki je ki duba shi ma.